Kwabon Rumawa Mai Hatimi Biyu: Kayan Ado Ko Shaidar Tarihi?

A kasuwar tsofaffin kuɗaɗe ta ƙasashen Turai da Amurka, inda masu sha'awar tara tsabar kuɗin Rumawan da suke kashe dukiya mai yawa, abin da aka fi rububi a kai shi ne kwabon da ya fito sumul, hoton sarki raɗau, rubutunsa yana karantuwa tamkar jiya aka buga shi. Akwai kuma wani iri da akan tura gefen faranti. Shi wannan baƙi ne ko kore, ya sha hannu har fuskar sarkin ta kusa shafewa, sa'an nan a wuyan sarkin ko a bayan ƙeyarsa ga wani ɗan rami mai kusurwa huɗu, da haruffa biyu ko uku a ciki. Wanda bai sani ba zai ce an ɓata kwabon ne. Wannan ɗan rami shi ne ƙarin hatimi, wato alamar da wata hukuma ta sake bugawa a kan kuɗin bayan ya daɗe yana yawo a hannun jama'a. Matsayin wannan maƙala shi ne, a wajen mai neman ilimi mummunan kwabon nan ya fi kyakkyawan daraja nesa ba kusa ba, sai dai darajar tasa tana rataye ne da abu guda wanda kasuwa ba ta cika damuwa da shi ba, wato sanin wurin da aka tono shi.

Kafin a yi nisa, ya kamata mai karatu ya san kuɗin da ake magana a kai. Wajen shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Agustus ya tsara ƙananan kuɗin Daular Rum. Akwai wanda ake kira as, na jan ƙarfe zalla, mai nauyin kusan giram 11. Akwai dufondiyus, wanda yake daidai da as biyu, da kuma sestatiyus, babba mai nauyin giram 25 ko fiye, daidai da as huɗu; waɗannan biyun da tagulla mai ruwan zinariya ake yin su, wato gamin jan ƙarfe da tutiya. As 16 ne suke ba da dinariyus ɗaya na azurfa. Albashin sojan ƙasa a lokacin dinariyus 225 ne a shekara, kimanin as 10 ke nan a rana, kuma marubucin tarihin nan Tasitus ya kawo labarin boren sojoji na shekara ta 14 Miladiyya inda ƙarancin wannan as goma yake cikin manyan koke-kokensu. Ashe ke nan waɗannan kuɗi su ne na cefane, na gurasa da man zaitun da kuɗin shiga gidan wanka. A cikin wannan rubutu an ari kalmar kwabo don a game su duka.

Yadda ake buga ƙarin hatimin ba shi da wuya. Ma'aikaci zai ɗora kwabon a kan uwar maƙera, ya kafa masa wani ɗan sandan ƙarfe mai haruffa a baki, ya sauke guduma sau ɗaya, ba tare da an sa kwabon a wuta ba. Saboda haka ne idan aka juya ɗaya fuskar akan tarar da wurin da yake daura da hatimin ya baje, wani lokaci ma kwabon ya tsage daga gefe. Dalilan bugawar ne suke da yawa. Tun daga farkon zamanin Sarki Kalaudiyus, wanda ya yi mulki daga 41 zuwa 54, har zuwa wajen 62 ko 64 a zamanin Nero, gidan buga kuɗi na birnin Rum ya shafe kusan shekara ashirin bai fitar da sabon kwabon kirki ba. Canji ya yi ƙaranci a lardunan arewa, musamman Birtaniya wadda aka fara ci da yaƙi a shekarar 43, har maƙeran gida suka shiga kwaikwayon kuɗin sarki. A irin wannan hali ne ake ganin hatimin PROB, daga kalmar Latin mai nufin an duba an amince, da kuma DV ko DVP a kan sestatiyus da ya ƙoƙe ko ya gaza nauyi, alamar cewa daga yau a karɓe shi a matsayin dufondiyus, rabin darajarsa ta da. Hukuma ba ta da sabon kuɗin da za ta bayar, sai ta yi maneji da tsoho.

Wasu hatiman kuwa siyasa ce tsagwaronta. A shekarar 68, lokacin da aka yi wa Nero tawaye, an bi kwabbansa ana buga SPQR, wato Majalisa da Jama'ar Rum, sau da yawa a daidai wuyan hotonsa, kuma ba ya buƙatar dogon bayani a gane saƙon. A ƙasar Falasɗinu, Runduna ta Goma wadda aka girke a Birnin Ƙudus bayan yaƙin shekara ta 70 ta riƙa buga haruffan LXF ko hoton gadu, tambarinta, a kan kuɗin da suka goge har ba a gane na wane gari ne. A Nimes ta kudancin Faransa, inda ake buga wani kwabo mai hoton kada ɗaure da sarƙa a gindin dabino don tunawa da cin ƙasar Masar, majalisar garin ta riƙa sa haruffan DD, ma'ana bisa umarnin 'yan majalisa. Abin mamakin ma shi ne, a ƙarni na biyar da na shida, bayan daular ta yamma ta wargaje, an sami mutane a Italiya da Arewacin Afirka suna sassaƙa lambar 42 a kan tsohon as, 83 a kan sestatiyus, da haruffan ƙirga na Rumawa, don su dace da sabon tsarin kuɗi. Kwabon da aka buga shekara ɗari huɗu da suka wuce ya koma kasuwa ke nan. Kome ƙanƙantar allura, in ji Hausawa, ƙarfe ce.

Ba kowane hatimi ne aka warware ma'anarsa ba. Wanda ya fi shahara, NCAPR, har yau masana ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba. Wasu sun ce yana nufin Nero ya duba ya amince, wasu sun ce kyauta ce daga Nero ga jama'ar Rum. Haruffan ba za su raba wannan gardama su kaɗai ba. Abin da zai iya raba ta shi ne a san a kan kuɗin wane sarki aka fi samun hatimin, yaya gogewar kuɗin take lokacin da aka buga shi, kuma a waɗanne garuruwa yake fitowa daga ƙasa.

Darasin Kalkriese

Babu misalin da ya fi nuna nauyin wannan magana kamar na wani wuri da ake kira Kalkriese, kusa da birnin Osnabrück a arewa maso yammacin Jamus. A shekara ta 9 Miladiyya, ƙabilun Jamus a ƙarƙashin Arminiyus suka yi wa gwamnan Rumawa, Varus, kwanton ɓauna a daji, suka hallaka rundunoni uku, ta 17 da ta 18 da ta 19, mutanen da ake ƙiyasta yawansu tsakanin 15,000 da 20,000. Marubutan Rum sun ba da labarin, amma ba su faɗi wurin yadda za a gane shi a taswira ba, don haka aka yi ɗaruruwan shekaru kowane gari yana cewa a bayan gidansa aka yi. A 1885 babban masanin tarihi Theodor Mommsen ya nuna yankin Kalkriese, yana mai dogaro da tsabar zinariya da azurfa da manoma suka daɗe suna tsinta a gonakinsu, waɗanda wani gidan sarauta na Barenau ya tara. Abokan gardamarsa suka ce kuɗi kawai ba su isa hujjar filin daga ba, tun da ba a ga makamai ba. Tarin kuɗin nan ya salwanta a 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya saura shi ne lissafinsu da aka rubuta a takarda.

Sai a 1987 wani hafsan sojan Birtaniya mai suna Tony Clunn, wanda yake fita da na'urar gano ƙarfe a lokacin hutunsa, ya tono dinariyus fiye da ɗari a wurin. Shekara ta zagayo ya sami harsasan majajjawa guda uku na dalma, irin na sojan Rum. Abin lura a nan shi ne, Clunn bai zuba su a aljihu ya nufi kasuwa ba. Yana aiki ne da sanin jami'in binciken kayan tarihi na yankin, Wolfgang Schlüter, kuma kowane abu an rubuta inda ya fito. Daga 1989 aka fara haƙa na sosai.

Cikin abin da ƙasa ta bayar akwai ɗaruruwan as na jan ƙarfe da aka buga a Lugdunum, garin da ake kira Lyon a yau, kuma mafi rinjayensu suna ɗauke da ƙarin hatimi: AVG, IMP, da kuma, a kan wasu, haruffa uku a harɗe, VAR. Masana da yawa suna ganin irin waɗannan hatimai shaidar kyautar kuɗi ce da shugaba ya raba wa sojojinsa. To, Varus bai karɓi shugabancin rundunonin kogin Rain ba sai wajen shekara ta 7. Don haka duk wanda ya yar da wannan kwabo, bai yar da shi kafin shekara ta 7 ba. Bugu da ƙari, akwai zubi na biyu na kwabban Lugdunum da aka fara bugawa a shekarun ƙarshe na Agustus, kuma ba a same shi a Kalkriese ba. Hatimi ya kafa iyaka ta ƙasa, rashin sabon zubi ya kafa ta sama, shekara ta 9 kuma ta faɗa a tsakani.

Ɗalibin kimiyya ya kamata ya tsaya a nan ya tambaya: shin hujjar ta rufe kowace ƙofa? Ba ta rufe ba. Wasu masana, cikinsu har da Reinhard Wolters, sun tunatar da cewa kwabo ba ya mutuwa ranar da mai hatiminsa ya mutu. Sojojin Jamanikus, waɗanda suka sake ratsa wannan ƙasa a shekara ta 15 da ta 16 suna ɗaukar fansa, suna iya riƙe da tsofaffin kwabban Varus a jakunkunansu, sabon kuɗi kuwa yakan ɗauki lokaci kafin ya kai bakin iyaka. Wannan suka ce mai ma'ana, kuma ita ce ta tura bincike gaba. A 2022 aka bayyana sakamakon aikin Annika Diekmann a gidan tarihin haƙar ma'adinai na Bochum, wadda ta auna ƙananan sinadaran da suke cikin tarkacen tagullar Kalkriese, ta kwatanta su da na sansanonin da aka san rundunar da ta zauna a cikinsu. Dabarar ita ce, maƙeran kowace runduna suna narka tarkacensu suna sake ƙira, har ƙarfen nasu ya sami wani gami na kansa. Na Kalkriese ya yi daidai da na sansanin Dangstetten, inda Runduna ta 19 ta taɓa zama, ita kuwa wannan runduna ba ta sake tashi ba bayan shekara ta 9. Ba duk masana ne suka ajiye makamansu ba, amma sikeli ya ƙara rinjaya wajen Varus.

Yanzu sai mai karatu ya ƙaddara cewa wani ne daban ya riga Clunn zuwa wannan fili da dare, ya kwashe kwabban, suka bi hannun dillalai, ɗaya ya tafi Landan, ɗaya Niyok, ɗaya Tokiyo. Kowane kwabo zai kasance da nauyinsa da haruffansa, babu abin da ya ragu a jikinsa. Amma babu wanda zai ƙara sanin cewa tare suke, cewa kusa da su akwai harsashin majajjawa da ƙashin alfadari, cewa zubi na biyu ba ya cikinsu. Ita hujjar rashin wani abu ma ba ta samuwa sam sai an ga tarin gaba ɗaya.

Zobe a ƙafar tsuntsu

Masu nazarin halittu sun daɗe da sanin wannan. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben gorar ruwa mai lamba a ƙafa. Zoben kansa bai kai kwabo ba a kasuwa. Amfaninsa yana bayyana ne ranar da wani ya kama tsuntsun a wata nahiya ya aiko da lambar tare da sunan wurin da kwanan wata. Ta haka aka zana hanyoyin ƙaurar tsuntsayen da suke barin Turai su zo cin rani a dausayin Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi. Zobe dubu a cikin gwangwani, ba wuri ba rana, tarkace ne. Haka nan busasshen ganyen da aka manna a takarda a ɗakin adana tsirrai na jami'a, idan takardar bayaninsa ta ɓace, ya tashi daga samfurin bincike ya koma ciyawa. Ƙarin hatimi a kan kwabo shi ne zoben. Yana faɗin inda kwabon ya ratsa da lokacin da ya ratsa, ramin da aka tono shi kuma yana faɗin inda tafiyar ta ƙare. Da waɗannan maki biyu ake zana hanyar runduna.

Abin takaici, akasarin kwabban da suke shiga kasuwa ba su da maki na biyu. Daga ƙasashen yankin Balkan da Gabas ta Tsakiya ake fitar da su da yawa, ana sayar da su a kilo da ƙasarsu ba a ko wanke ba, takardar da take biye da su ba ta wuce cewa daga tsohon tarin wani Bature suke. Mai karatu a Nijeriya ba baƙo ba ne ga wannan ciwo. Gumakan yumɓu na Nok, da irinsu na yankunan Sakkwato da Katsina, an yi ta haƙe su ana fitarwa a shekarun 1990, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su a jan jerin kayan da suke cikin haɗari a shekarar 2000, alhali Nijeriya ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kuma tana da Doka ta 77 ta 1979. Ko an dawo da gunkin, ramin da ya fito ba ya dawowa.

Masu tara kuɗin suna da abin cewa, kuma adalci ne a saurare su. Suna cewa Rumawa sun buga kwabbai miliyoyi, akwatunan gidajen tarihi sun cika sun batse da waɗanda ba a ko buɗe ba, to mene ne laifin malamin makaranta da ya sayi guda ɗaya na 'yan daloli? Suna kuma cewa ilimin tsabar kuɗi a hannun masu tarawa ya girma, kuma gaskiya ne: littafin Christopher Howgego na 1985 a kan hatiman lardunan gabas ya dogara ne da tarin gidajen tarihi waɗanda da yawansu kyautar masu sha'awa ne, shi kansa Clunn ba farfesa ba ne. Duk wannan haka yake. Shi ya sa haramta sha'awar ɗungurungum ba magani ba ne; zai zama an gudu daga gara an faɗa gidan zago, cinikin ya koma ɓoye inda ba mai rubuta komai. Amma maganar yawa ba ta tsaya da ƙafarta ba. Kwabban ne suke da yawa, wuraren da ba a taɓa ba kuwa ƙididdigaggu ne, kuma kowace jaka ta kwabban da ba a wanke ba tana nufin an birkice ɗaya daga cikinsu.

Hanyar da ta fi kama hankali ita ce wadda Ingila da Wales suka bi. Dokar 1996 ta wajabta a kai rahoton tarin kuɗi, sa'an nan a 1997 aka kafa wani shiri na sa kai, wanda Gidan Tarihi na Birtaniya yake jagoranta, inda mai tsintuwa zai kai ko da kwabo ɗaya ne a auna, a ɗauki hoto, a rubuta wurin, a mayar masa da kayansa. An rubuta abubuwa fiye da miliyan ɗaya da rabi ta wannan hanya, kuma kowa yana iya dubawa a intanet kyauta. Shirin yana da gibinsa, domin mai son ɓoyewa zai ɓoye. Duk da haka ya nuna cewa mallaka da ilimi suna iya zama a inuwa ɗaya. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya nemi tarihin kwabon a rubuce kafin ya biya, idan babu ya haƙura. Dillali yana kawo abin da ake saye ne.

Akwai ma wata riba ta kai tsaye ga mai sayen. Tun da hatimi irin na VAR yana ninka farashin kwabon da ba shi da wata daraja, 'yan damfara sun koyi sayen gogaggen as na gaske su buga masa sabon hatimi. Tsatsa ce takan tona asirinsu. Jan ƙarfen da ya shekara dubu biyu a ƙasa yakan yi ɓawo hawa biyu, ja a ciki, kore a waje, kuma a hatimin asali wannan ɓawo ya shimfiɗu har cikin ramin haruffan ba yankewa. Sabon bugu kuwa yana farfasa ɓawon, abin da madubin ƙara girma yake nunawa ko an shafe shi da launi. Ana kuma haska kwabon da na'urar hasken eksire a karanta gaminsa ba tare da an kankare shi ba. A zamanin Agustus tutiyar da take cikin sestatiyus takan kai kashi 20 cikin ɗari ko fiye, daga baya ta yi ta raguwa, kuza da dalma suna ƙaruwa. Ɗaya daga bayanan da aka bayar shi ne tutiya tana tafasa a digiri 907, jan ƙarfe kuwa sai a 1085 yake narkewa, don haka duk narkin da aka sake yi wa tsohon kuɗi wani kaso nata yana bin hayaƙi.

Wanda ya riga ya mallaki irin wannan kwabo yana da wani abokin gaba, wato abin da ake kira ciwon tagulla, ko da yake babu ƙwayar cuta a cikinsa. Gishirin da ya shige shi daga ƙasa ne yake haɗuwa da danshi da iska, ya haifar da ruwan asid, asid ɗin ya ci sabon ƙarfe, a sake samun gishirin, haka dai har kwabon ya zama gari mai launin kore fari-fari. Maganinsa na farko bushewa: a ajiye shi inda danshin iska bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, a nisanta shi da jakar roba mai laushi, kada kuma a goge shi da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli, domin ɓawon nan shi ne shaidar shekarunsa.

Malamin sakandare ba ya buƙatar kwabon Rumawa ko ɗaya kafin ya kawo wannan darasi aji. Hotunan dubban su suna nan kyauta a rumbun intanet na Ƙungiyar Nazarin Tsabar Kuɗi ta Amurka da na shirin Birtaniya da aka ambata. Don aikin hannu kuwa, a gidaje da yawa ba a rasa tsohon kwabo ko anini mai huji na zamanin Turawa, ko tsabar kwabon da aka fara kashewa a 1973. Ɗalibai su tattaro ashirin ko talatin iri ɗaya masu shekaru daban-daban, su auna kowanne a sikelin ɗakin gwaji, su zana nauyi daura da shekarar bugu, su ga ko gogewa tana bin tsufa, su kuma yi gardama a kan waɗanda suka kauce wa layi. Kowane kwabo a sa shi a ambulan na takarda, a rubuta nauyinsa da faɗinsa, da sunan gidan da ya fito, da inda aka same shi a gidan, da ranar da aka kawo shi makaranta.